Malam Don-Me

Ran da ya sauka a Kwangila,
da akwatin kwano da butar shayi mai hawa biyu,
'yan dako suka ce Balarabe ne, wasu suka ce Bature.
Ya ce, "Baturke. Sunana Nihat."
Ba wanda ya riƙe.
Mu dai Malam Don-Me muka sani,
don ko biyu da biyu ka ce masa huɗu,
sai ya karkata kai kamar kazar da ta hango shirwa,
ya ce, "Don me?"

A Bomo ya kama hayar tsohon ɗakin ajiyar auduga.
Rufin na yoyo wuri bakwai. Shi ya sa muka ƙirga.
Allonmu ƙyaure ne da gara ta ci wa gindi,
muka shafe shi da baƙin garin batir.
Babu ƙararrawa, babu bulala,
babu na ɗaya, balle na ƙarshe.
Iyayenmu suka ce wannan ai ba makaranta ba ce,
zaman hira ne da alli.

Hausarsa kuwa sai haƙuri.
Kowa "ke" ne a bakinsa,
har liman ya sha "Ina kwananki?"
Ya ce a harshensu namiji da mace kalma guda suke ci,
kamar yadda bakwai ba ta da miji.

Ubana magini ne.
Da igiya mai ƙulli goma sha biyu yake fid da kusurwa:
uku nan, huɗu can, biyar a karkace.
Wata Asabar Malam ya biyo ni wurin aiki a Hanwa,
ya tsuguna cikin kwaɓi da farin wandonsa.
"Don me?"
Baba ya ce, "Haka na gada."
Malam ya tsinci ƙusa, ya zana gidaje a ƙasa,
tara a nan, sha shida a can,
ya kwashe su ya zuba cikin ashirin da biyar,
ko ɗaya bai yi saura ba.
Baba ya daɗe bai ce uffan ba.
Can ya ce, "Ashe igiyar ta san abin da take yi."

Na tuna ranar Lantana, 'yar mai rake,
wadda ba ta magana sai an tsokane ta.
Ta miƙe ta nuna mana lambobin nan masu taurin kai,
waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu,
ba su da auta:
duk wadda ka kira ta ƙarshe, akwai ƙanwarta a baya.
Malam ya miƙa mata allinsa,
ya koma tabarma cikinmu.
Shayinsa ya huce bai sani ba.

Daminar da iska ta yaye rufin,
agogonsa ya tafi Sabon Gari bai dawo ba.
Kwano ya dawo.

Shekara goma sha tara.
Sai ido ya fara cin amanarsa,
yana rubuta takwas a kan takwas.
'Yarsa ta zo ta tafi da shi garinsu na bakin teku.
Bai yi wa'azi ba.
Tambaya guda ya bari a jikin ƙyaure,
ya ce shi ma bai san amsarta ba,
kada kowa ya goge.

Lantana ce ke riƙe da wurin yanzu.
Ta sake rufi, ta sayi allo na gaske,
amma ƙyauren na nan jingine,
kowace shekara tana bin rubutun da sabon alli.

Jiya a Gyallesu ina jan igiya,
yarona Tanimu ya ce, "Maigida, don me biyar?"
Rana ta take, siminti na bushewa,
har na buɗe baki zan daka masa tsawa.

Sai na ce ya nemo mini ƙusa.